Daga bakin titi zuwa bakin masai: shaidar wani magini kan gidajen masu buƙata ta musamman

Sana'ata gini ce, kuma yawancin aikina a ƙauyuka da ƙananan garuruwan da ke tsakanin Ringim, Taura da Jahun na yi shi, wani lokaci a tsallaka Gabasawa ko Gezawa ta ɓangaren Kano. Shaidar da zan bayar a kan gidajen da ake gina wa guragu da makafi da kutare da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye ce. Yanzu ana samun masu hali da ke son sa kuɗinsu a wannan fanni, wani don haya, wani don neman lada, wani kuma don ɗansa ko mahaifinsa. Niyyar tana da kyau, Allah ya ba da lada. Amma idona ya ga kuɗi mai yawa ya tafi a fenti da tayil da silin mai ado, alhali wanda aka yi ginin dominsa sai an ciccibe shi kafin ya shiga ɗakinsa. Kuɗin irin wannan gida a ƙasa ya kamata ya zauna, a hanyar da mutum zai bi tun daga titi har ya kai bakin masai ya dawo ba tare da ya kira kowa ba.

Masu buƙatar suna nan da yawa, kuma mun san su. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ba a dawo da shi ba sai 2004, cutar kuma ta ci gaba da kama yara a Kano da Jigawa shekaru bayan haka. A watan Agustan 2020 aka tabbatar an rabu da nau'inta na asali a Afirka, amma yaran da ta riga ta taɓa yau sun zama samari da 'yanmata, wasu sun yi aure, wasu suna neman inda za su ajiye iyali. Ga dattawan da hawan jini ya kayar, ga matasan da haɗarin babur ya taɓa musu laka. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, amma babu wani jami'i da zai zo ƙauye ya auna ƙofar ɗakin wani. Wannan ya rage tsakanin mai gida da magininsa.

Kafin a auna fili, a auna mutum. Wanda ke kan keken asibiti mai taya huɗu, faɗin kekensa kan kai inci 25 zuwa 27, kuma yana buƙatar fili ƙafa 5 ta kowane ɓangare kafin ya juya. Keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda ake ƙerawa a Kano, ya fi shi faɗi kaɗan, tsawonsa kuma ya kusa ƙafa 6, ba ya juyawa a ƙaramin wuri. Sai na uku, wanda zanen gini na littafi bai san da shi ba: mutumin da ke ajiye kekensa a zaure ya shiga gida da rarrafe, silifas a tafin hannu, tsohuwar roba ɗaure a gwiwa. A ƙauyukanmu irinsa ya fi yawa. Abin da ya dace da mai kujera yakan yi wa mai rarrafe tsawo, abin da ya dace da mai rarrafe kuma yakan sa mai sanda ya zame. Saboda haka a kai tef gidan da mutumin yake yanzu, a ga yadda yake shiga da fita, a auna faɗin keken da hannuwansa a kan taya, a auna iyakar inda hannunsa ke kaiwa sama yana zaune. Idan mace ce a sa wata mace ta yi awon, ta kuma tambaye ta abin da ba za ta faɗa wa namiji ba.

Rigimar farko tsakanin ruwa ne da keke. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Ringim da Kafin Hausa da Auyo da Hadeja yana so a ɗaga masa tushen gini sama sosai, kuma yana da gaskiya. Amma kowane inci ɗaya da aka ɗaga, sai an biya shi da ƙafa ɗaya ta gangara. Ƙa'idar ke nan: tudun inci 18, wato bulo biyu, gangararsa ƙafa 18 ce, tudun ƙafa biyu kuma ƙafa 24. Shi ya sa zaɓen fili ya fi komai. A duba bangon maƙwabta inda ruwa ya bar alama, a tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Filin da sai an ɗaga shi ƙafa uku kafin ya tsira, a haƙura da shi ko da araha ne, a nemi jigawa mai ɗan tudu. A tushe kuma kada a manta da shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankaren daɓe, domin danshi da gishirin ƙasa sun fi cutar da wanda rayuwarsa duk a ƙasa yake yin ta.

Abin da yawancin magina ke kira gangara ita ce wadda ake yi a ƙofar gida don tura babur: tudun inci 18 a cikin ƙafa huɗu ko biyar. Mai keke ba ya iya hawanta. In ya matsa, tayoyin gaba su ɗaga ya kife ta baya, ƙeyarsa ta bugi siminti. Wajen sauka kuma keken ya ƙwace masa ya faɗa titi. Mai gida zai ce ai akwai yara, za su tura shi. Yara suna makaranta, suna gona, kuma magidanci ba ya son ya zauna a ƙofar gidansa yana jiran yaro.

Gangarar gaskiya ga yadda ake yin ta. Idan babu fili ta gaba, a kwantar da ita a jikin katanga, ta bi tsawon bango. Faɗinta ƙafa 4. A ja igiya daga sama zuwa ƙasa bayan an daidaita awo da siririn tiyo mai ruwa, kada a dogara da ido. A gina bango biyu na bulo mai inci 9 a gefe da gefe, a cika ramukan bulon da kankare. Tsakiya a cika da marmara ko jar ƙasa, inci 6 inci 6, kowane zubi a yayyafa ruwa a daddaɓe shi sosai kafin a ƙara wani. Wanda ya juye ƙasar gaba ɗaya ya zuba kankare a kai, damina ɗaya ƙasar za ta zauna, kankaren ya rage a rataye, ya tsage ta tsakiya. Kaurin kankare inci 4, haɗin buhun siminti ɗaya, kwanon lebura huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Gangara mai ƙafa 18 za ta ci kimanin buhu biyar. Kafin ya bushe a ja tsintsiyar kwakwa a kansa ta gicciye don taya ta sami abin kamawa, kada a goge shi ya yi santsi. A yi masa ban ruwa safe da yamma kwana bakwai, a rufe shi da buhunan da aka juye. Gefen da ba katanga a tayar da ɗan baki inci 3 ko 4 don kada taya ta zurma, a kafa fayif mai kaurin inci ɗaya da rabi inci 34 zuwa 36 sama da daɓen gangarar don mai sanda da tsoho. A shafa wa fayif ɗin farin fenti, domin baƙin ƙarfe a ranar Afrilu ba ya taɓuwa.

Wurare biyu ne gangara ke lalacewa ko da an yi awonta daidai. Na farko samanta: dole a bar fili a kwance ƙafa 5 da ƙafa 5 a gaban ƙofa, in ba haka ba mutum zai saki taya don ya buɗe kwaɗo, keken ya koma da shi baya. Na biyu gindinta. Ruwa da iska suna kwashe rairayin da ke bakin kankare, bayan shekara guda sai ka ga baki inci biyu ko uku ya fito, kuma wannan ɗan bakin ya isa ya tsayar da keke cak. Maganinsa a nutsa ƙarshen kankaren inci 6 cikin ƙasa, a kuma daɓe marmara ƙafa huɗu ko biyar a gabansa.

Zaure namu ne, ba za mu bar shi ba, kuma dalilin karkata ƙofofinsa don kada na waje ya hango tsakar gida dalili ne mai kyau. Sai dai zaure mai ƙafa 7 da ƙofofi biyu a karkace tarko ne ga keke mai ƙafa uku, ya shiga ya kasa juyawa. A yi shi ƙafa 10 da 10 ko fiye, ƙofofin ƙafa uku da rabi. In fili ya yi kaɗan a miƙe ƙofofin su kalli juna, a gina katangar kare ido a cikin gida, ƙafa 6 daga ƙofar ciki. Mai son haya ya ƙara kula da nan: guragu da yawa masu sana'ar zama ne, ɗinki, gyaran takalmi, gyaran waya, cajin waya, saƙar hula. Zaure mai faɗi da taga ta titi wadda bakinta bai wuce inci 30 daga ƙasa ba shago ne, kuma daga nan kuɗin hayar zai fito.

Tsakar gida rairayi ce, rairayi kuma yana haɗiye taya. Ba sai an malale gidan duka da siminti ba, hasali ma zafi zai ƙara. A yi hanya ɗaya mai faɗin ƙafa 4, kauri inci 3, daga zaure zuwa ɗaki, zuwa banɗaki, zuwa wurin ruwa da madafi. A karkata ta gefe inci ɗaya a faɗin ƙafa huɗun don ruwa ya zurare, a yanka ta duk bayan ƙafa 5 ko 6 don ta tsage a inda aka yanka. Hanya mai ƙafa 30 buhu biyar zuwa shida za ta ci. Inda ta tsallaka kwata a rufe kwatar da murfin kankare daidai da hanya. Sannan a yi mata rumfa, ko ta zana ce. Mai takalmi bai san zafin siminti da azahar ba, mai tafiya da tafin hannu da gwiwa shi ya sani, har sai ka ga mutum ya ƙi shan ruwa da rana don kada fitsari ya sa shi ratsa tsakar gida. Darbejiya tana ba da inuwa, amma a nisanta ta da hanya ƙafa goma, saiwarta tana ɗaga kankare.

A ƙofar ɗaki abu biyu ne ke ɓata aiki. Mai walda yakan sa ƙarfe a ƙasan firam don ya riƙe shi, birkila kuma ya dasa firam ɗin a kan daɓe, ƙarfen ya zama abin tuntuɓe. A gaya wa birkila ya nutsa shi cikin daɓe. Na biyu dokin ƙofa, wanda muka saba ɗagawa inci 4 zuwa 6 saboda feshin ruwa da kunama. Aikinsa a raba shi biyu: baranda mai rufi ƙafa 5 a gaban ɗaki da daɓenta ya ɗan karkata waje ta tare ruwa, yankin tsohuwar taya da aka ɗaure a ƙasan ƙyaure ya tare ƙwari. Dokin ƙofa kada ya wuce rabin inci, shi ma a fiƙe bakinsa. Faɗin da ya rage bayan an buɗe ƙyaure kada ya gaza inci 32, don haka ƙofar ƙafa 3 ita ce mafi ƙanƙanta, in an samu uku da rabi ya fi. Sakatar da ake sawa can saman ƙyaure a sauko da ita inci 36, mai rarrafe kuma inci 24. A sa doguwar mariƙa a jikin ƙyaure ta yadda zai jawo ƙofa ya rufe bayan ya shige.

Ɗaki ƙafa 12 da 12 yana isa a takarda, amma ranar da aka yi jere gado da kujeru da kabet za su cinye shi, amarya gurguwa ta rasa inda za ta juya kekenta. A yi 12 da 14, a kuma roƙi iyayen amarya su bar fili ƙafa 5 a gefen gado. Tsawon gado da katifa ya yi daidai da mazaunin keke, inci 18 zuwa 20. Makunnin wuta a inci 36 zuwa 40, soket a inci 18 zuwa 24, bakin taga a inci 24 zuwa 30 don na zaune ya ga waje ya sha iska. Tayil mai sheƙi a guje shi, digon ruwa ɗaya ya isa ya kwashe sanda. Wanda ya sami rauni a laka jikinsa ba ya daidaita zafi kamar na kowa, saboda haka silin da tagogi biyu masu kallon juna a ɗakinsa wajibi ne.

Banɗaki shi ne inda nake roƙon mai kuɗi ya tsaya ya kashe. Ku dubi wanda muka saba yi: ƙafa 4 da 4 a can ƙuryar gida, ƙofa ƙafa biyu da rabi, tudu a bakinta, masai da wurin wanka a haɗe, ƙasa kullum a jiƙe. Mace mai rarrafe za ta tura buta gaba, ta dafa hannu a inda kowa ya taka, zaninta yana jan ruwan, ta zauna a kan ramin da aka yi don tsuguno alhali ƙafafunta ba sa ɗaukar ta. Da waɗannan hannuwa za ta fito ta yi alwala, ta tuƙa tuwo, ta ba jariri nono. Shekara da shekaru mata suna haka a gidajen da aka yi wa fenti mai kyau ta waje, kuma kunya ba ta barin su faɗa.

Cikin banɗakin ya zama ƙafa 6 da 7. Ƙofa ƙafa 3, ta buɗe waje, domin in mutum ya faɗi a bayan ƙofar da ke buɗewa ciki sai an ɓalle ta a kansa. Sakatar ta zama wadda za a iya zarewa ta waje in ta kama. Ya kusanci ɗaki gwargwadon iko, amma ramin ya nisanci rijiya ƙafa 100, gindinsa kuma ya tsaya aƙalla ƙafa 5 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. Ƙasarmu ta rairayi ce, rami yana ruftawa, don haka a gina cikinsa da bulo ana barin 'yan ƙofofi a layukan ƙasa, layuka uku na sama kuma a toshe su. Murfin ramin kankare inci 4 da rodi mai milimita 12 a jere duk inci 6 ta kowane ɓangare. Murfin azara da ƙasa gara tana cin sa ta ciki ba a gani, mai lafiya yakan iya tsalle in ya ji ya motsa, gurgu ba zai iya ba.

A kan ramin a gina mazauni: ginshiƙai biyu na bulo a dama da hagu, tazarar inci 5 ko 6 a tsakaninsu, gaba a buɗe don hannu da buta su shiga wajen tsarki. Tsawonsa inci 17 ko 18 ga mai keke da tsoho da mai shanyewar ɓarin jiki, inci 6 zuwa 10 ga mai rarrafe. A yi masa filasta da siminti zalla a goge shi sumul, a zagaye kusurwoyinsa, domin wanda ba ya jin cinyarsa kaifin siminti zai yanke shi bai sani ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa. Akwai kwanon roba na SATO mai murfi da ke rufe kansa, ruwa kaɗan yake ci, yana hana ƙuda da wari, ana iya dasa shi a bakin ramin. Masan zama na tangaran mai tankin ruwa kuwa, a ƙauyen da ba famfo, wata biyu ya toshe. Gefe ɗaya na mazaunin a bar fili ƙafa 3 inda keke zai tsaya, ɗaya gefen a sa fayif ɗin dafawa a kwance, inci 33 zuwa 36 daga ƙasa ga mai keke, ƙasa da haka ga mai rarrafe bisa awon hannunsa. Bulo mai rami ba ya riƙe fayif, nauyin mutum zai tumɓuke shi wata rana. Tun ana gini a cika ramukan layin da fayif zai shiga da kankare, ko a lanƙwasa fayif ɗin a dasa ƙafafunsa inci 8 cikin daɓe. Daɓen ya karkata zuwa bangon baya, nesa da ƙofa, ta yadda hanyar shiga za ta zauna a bushe. Wurin wanka a raba shi da ɗan bango, a yi masa dakalin zama. Fayif ɗin fitar da wari mai inci 4 ya zarce rufi da ƙafa ɗaya da rabi, a ɗaure masa raga a baki.

Ruwa kuma, randa tana da zurfi, na zaune ba ya kai moɗa gindinta. Duro mai famfo a gindi, a ɗora shi a kan dakali inci 18, ya wadatar, kuma nan ne wurin alwala. In akwai rijiya a gida a ɗaga bakinta ƙafa biyu da rabi a yi mata murfi. Murhun ƙasa ya dace da mai rarrafe, mai keke kuma a yi mata dakalin girki inci 28 zuwa 30 da rami a ƙarƙashi inda gwiwa za ta shige, a sa bulo tsakanin wuta da ƙafafunta.

Makaho bai cika buƙatar ƙarin siminti ba, abin da yake so kada abu ya tare shi a inda sandarsa ba ta kaiwa. Tagar ƙarfe mai buɗewa kan hanya daidai goshi, indararo da ya sauko ƙasa, igiyar shanya daidai wuya, ƙyauren da ke tsayawa rabi a buɗe, su ne ke fasa masa fuska. Igiya ta haura ƙafa 7, ƙyaure ya buɗe har ya kwanta a bango a sa masa ƙugiya. Kafin kowane tudu ko kwana a canza kaushin daɓe don ƙafa ta ji. Mai sauran gani kaɗan a yi masa firam ɗin ƙofa da launi mai duhu a kan farin bango. Wanda kuturta ta taɓa ba ya jin zafi a hannu, don haka mariƙin ƙarfe da ke shan rana a rufe shi da katako, a yi shi babba wanda za a tura da dantse, a guji ƙaramin kwaɗo. Kurma kuma haske yake so, fitilar sola a tsakar gida don a ga hannu da dare, da ƙwan lantarki da zai kama in an danna daga zaure, tunda sallama ba ta isa gare shi.

Maganar riba, gaskiya ita ce haya a ƙauye ba ta da tsada, wanda ke son kuɗinsa ya dawo cikin shekara uku ya nemi wata harka. Inda abin ke tafiya shi ne garuruwan kasuwa da hedikwatar ƙananan hukumomi, irin su Ringim, Jahun, Gumel, Kazaure, Wudil, Bichi da Dambatta, a unguwar da keke zai kai kasuwa da masallaci da asibiti ba tare da ya ratsa rairayi mai zurfi ba. Fili mai araha a bayan gari ba shi da amfani ga wanda ƙarfin hannunsa ne man kekensa. Ban kuma goyi bayan a ware musu unguwa su kaɗai ba. A gina gida mai sassa uku ko huɗu, kowane sashe da wannan awo, a ba duk wanda ya zo. In babu gurgu a wannan shekara malamin makaranta zai shiga, tsohuwarsa ma ta ji daɗin mazaunin banɗakin. Abin da na shaida shi ne mai buƙata ta musamman in ya sami gidan da yake shiga da fita da kansa ba ya tashi, kuma yana kula da gidan.

Ƙarin kuɗin da wannan tsari ke ci a kan ginin da aka saba, a sashe ɗaya, na ƙarin siminti ne da bulo da fayif, da ɗan ƙarin kuɗin ƙofofi. Tun ran gini ran zane: wanda ya bari sai an gama sannan ya zo gyara, zai fasa linta don faɗaɗa ƙofa, ya fasa daɓe, ya rushe banɗaki, wani lokaci ma ya tarar babu filin gangara sam. Kuɗin haya a karɓe shi wata-wata ko duk ranar kasuwa, mai ƙaramar sana'a ba ya tara na shekara. Jigawa ta fara ba masu nakasa alawus na naira 7,000 a wata a 2007 zamanin Sule Lamido, amma ba kowa ke samu ba, kada a ɗora lissafin haya a kansa, a ɗora a kan sana'ar da ke zaure. Masu neman gida ana samun su ta hannun Sarkin Guragu da Sarkin Makafi na gari da ƙungiyoyinsu, su ne suka san wanda zai yi aure da wanda gidan gado ya yi wa kaɗan. Yarjejeniya a rubuta ta a gaban mai unguwa, a karanta wa makaho ita a gaban shaidunsa. Hayar wata ɗaya a shekara a ajiye ta don gyara, duk ƙarshen damina a duba gindin gangara, a girgiza fayif ɗin banɗaki, a leƙa bakin ramin masai.

Saura takarda, wadda rashinta ya fitar da mutane daga ɗakunan da aka gina dominsu. Uba ya gina wa ɗansa gurgu sashe mai gangara da banɗakinsa, ya rasu bai rubuta komai ba, a zo rabon gado sashen ya faɗa rabon wani, ko a sayar da gidan a raba kuɗi, ɗan ya koma ɗakin da ke da matakala uku. Wasiyya ba ta magance wannan, domin ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. In kyauta ce a yi ta mai gida yana raye da lafiyarsa, a gaban shaidu, a miƙa sashen ya shiga hannun wanda aka ba, a rubuta iyakokinsa da hanyar da zai bi zuwa titi, dagaci ya sa hannu, a nemi takardar mallaka ta ƙaramar hukuma. A zauna da malami masanin gado tun kafin a yi, saboda sauran 'ya'ya ma suna da haƙƙin a yi musu adalci. In waƙafi ne a rubuta su wa za su zauna, wa zai kula, a kuma haɗa shi da shago ɗaya da hayarsa za ta riƙa gyaran gidan da yashe masai. Mutanen Kano suna da Hukumar Zakka da Hubusi da za su tuntuɓa, a Jigawa kuma a fara da kwamitin zakka na masarauta. Kwafin takardar ɗaya ya zauna a hannun wanda ke cikin gidan, ɗaya a wurin dagaci.